Sun Gaji Sana'a, Ba Su Gaji Tanderu Ba: Nazarin Iyalan Masu Awarwaro a Firozabad

Duk wadda ta taɓa sa awarwaron gilashi na Indiya, irin wanda iyayenmu ke kira ƙarau, idan ta cire guda ta juya shi a haske za ta ga wani ɗan tudu a wuri ɗaya, inda aka haɗa bakin biyu. Injin masana'anta bai yi wannan haɗin ba. Hannun mutum ne ya yi shi a kan harshen wuta, a cikin ɗakin da yake kwana, kuma sau da yawa mai hannun bai kai shekara 14 ba. Mafi yawan awarwaron gilashin da ake yi a Indiya daga gari ɗaya yake fitowa, wato Firozabad da ke jihar Uttar Pradesh, kimanin kilomita 40 daga Agra inda shahararren ginin nan na tarihi, Taj Mahal, yake. Abin da nake so mu duba a nan shi ne yadda wannan sana'a ke bin jini daga kaka zuwa jika, talauci yana biye da ita sawu da ƙafa, alhali kasuwarta ba ta taɓa mutuwa ba.

Garin da kasuwarsa

Firozabad tsohon gari ne, sunansa ya samo asali tun zamanin Sarki Akbar na daular Mughal a ƙarni na 16. A 1989 aka mai da shi gunduma mai cin gashin kanta, kuma ƙidayar 2011 ta nuna mutanen cikin birnin sun ɗan haura 600,000. Indiyawa suna yi masa kirari da Suhag Nagri, wato birnin matan aure. Dalilin kirarin kuwa shi ne a al'adar Hindu awarwaro alamar aure ce. Amarya ba ta fita sai da shi, matar aure ba ta son a ga hannunta fayau, kuma a wurare da yawa ranar da miji ya mutu ake farfasa awarwaron da ke hannun matarsa. Musulmin ƙasar ma suna sayensa sosai, musamman daren jajibirin Sallah. Abu ne mai araha, mai saurin fashewa, kuma dole a sake saye. Ɗan kasuwa ba ya neman haja da ta fi wannan.

To, kuɗi na shiga garin ke nan. Tambayar ita ce aljihun wa suke tsayawa.

Hannu nawa awarwaro ke bi

Sai an san yadda aikin yake kafin a gane inda aka yi wa talaka tarko. A masana'anta ake soma shi. Ana zuba farin yashi da kanwar masana'anta da sinadaran launi da fasassun gilasai cikin tanderu mai zafin da ya kai digiri 1,400 ko fiye. Wani ma'aikaci zai sa dogon sandan ƙarfe ya ɗebo curin narkakken gilashi, ya ratsa ta cikin mutane da shi yana ja jawur, ya miƙa wa na gaba. A ƙarshe curin ya isa hannun gwanin da ake kira tarkash ko tarwala, wanda ke jan gilashin ya zama siririn zare yana naɗe shi a jikin wani ƙarfe mai juyawa, har ya fito kamar dogon sifirin. Shi ne mafi tsada a cikin ma'aikata, domin kaurin awarwaro a hannunsa yake. Daga nan a sa abin yanka a tsaga sifirin ɗin daga sama har ƙasa, ya watse ya zama zobba masu buɗaɗɗen baki, bakin ɗaya ya ɗan hau sama da ɗaya.

Nan aikin masana'anta ya tsaya. Sauran duk a unguwa ake yi. Ɗan kwangila, wanda suke kira thekedar, shi ke lodin zobban a keke ko amalanke ya rarraba gida-gida. Akwai gidajen da aikinsu daidaita bakin zoben a kan wuta don ya kwanta sumul. Akwai masu haɗa bakin, aikin da ake kira judai. Akwai masu yanka zane a jiki da dutsen washi, da masu shafa ruwan zinare, da masu sake gasawa a ƙaramin tanderu don launi ya kama, da masu tsincewa da ɗaurewa. Kowane gida abu ɗaya ya iya, kuma shi zai yi ta yi har tsufa.

Ɗakin haɗin baki shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Fitilun kananzir ne ko na gas a jere, mutane na tsugune a gabansu. Ba a buɗe taga, ba a kunna fanka, saboda iska kaɗan ta kaɗa harshen wuta aiki ya ɓaci. Wannan a yankin da zafin bazara ke wuce digiri 45. Ido na kan wuta awa takwas, awa goma, a ɗaki mai duhu da hayaƙi. Ciwon ido, tari, tarin fuka, ƙuna a yatsu, ciwon baya da gwiwa, waɗannan su ne cututtukan unguwannin. Kuma da yake ido da yatsu ne jarin mai wannan aiki, uba na soma gazawa tun bai tsufa ba. Ranar da idonsa ya dushe, gidan ba shi da wani abin dogaro sai idon ɗansa. Ga inda gadon ke ƙulluwa, ba wani biki ba, ba wata addu'ar yaye ba.

Lissafin tora

Ba albashi ake biyan ma'aikatan gida ba, biyan ƙirge ne. Ma'aunin shi ne tora, wato ɗaurin awarwaro 312. Amma a lissafin ciniki dozin 24 ake ɗaukarsa, guda 288 ke nan, sauran 24 ɗin an ware su ne saboda fashewa. Ma'ana, cikin kowane awarwaro 13 da mace ta haɗa, ɗaya kyauta ta yi. Ladan tora guda kuwa 'yan rupi (kuɗin Indiya) ne ƙalilan, kuma daga ciki ake sayen man fitila a gidaje da dama.

Yanzu a ɗauki gida mai uwa da uba da 'ya'ya huɗu. Idan manyan biyu kaɗai suka zauna, abin da za su haɗa a yini ba zai ciyar da baki shida ba. Idan 'yar shekara tara ta zauna tana jera zobba tana miƙawa, ɗan shekara 12 ya riƙe tasa fitilar, yawan tora ya ƙaru, tukunya ta hau wuta. Babu wanda ya ɗauki yaran nan aiki, babu sunansu a littafin kowa. Ɗan kwangila da uba ya yi magana, mai masana'anta kuma da ɗan kwangila ya yi magana. Amma farashin tora an yanka shi ne a kan sanin cewa gida gaba ɗaya zai zauna. Da a ce rana ɗaya yara duka za su tashi daga gaban fitila, dole ladan manya ya hau, in ba haka ba awarwaro ba zai fita ba. Aikin yaro shi ke riƙe ladan ubansa a ƙasa, ƙarancin ladan uba kuma shi ke zaunar da yaro. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Sai bashi. Aikin yana da lokaci, yana cika kafin bukukuwa da lokacin aure, yana ja baya da damina. A watannin rashi, ko in ciwo ya zo, ko za a aurar da 'ya (a can dangin amarya ne ke ɗaukar nauyin dukiyar aure, duk da an haramta hakan tun 1961), wurin ɗan kwangila ake zuwa a karɓi kuɗin somin-taɓi da suke kira peshgi, ko wurin mai ba da bashi da ruwa. Wanda ya ci peshgi ba ya da bakin neman ƙarin lada, ba ya kuma iya komawa wurin wani ɗan kwangilar. Indiya ta soke aikin bauta don biyan bashi da dokar 1976, amma irin wannan ɗauri babu takarda, babu sheda, kunya da tsoron rasa aiki ne igiyarsa. Uba ya mutu, ɗa ya tarar da bashin a gida kamar yadda ake tarar da tabarma.

Wane irin gado ne wannan?

Mu Hausawa ba baƙin sana'ar gado ba ne. Muna da maƙera, majema, marina, wanzamai, mahauta, kuma muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Maƙwabtanmu Nufawa ma suna da masu wannan sana'a takanas: a unguwar Masaga da ke Bida, zuriya ce ke narka kwalabe tana yin tsakiya da ƙarau tun kaka da kakanni. Amma akwai bambanci da bai kamata a tsallake ba. Ɗan maƙeri in ya gaji ubansa, ya gaji uwar maƙera da zugazugi da masaba da rumfa da abokan ciniki. Shi ke sayen ƙarfe, shi ke yanka wa fartanya kuɗi. Ko da talaka ne, mai kansa ne. Yaron Firozabad ba ya gadon tanderu, ba ya gadon gilashin da ke hannunsa, bai san mai shagon da zai sayar ba, bai ma iya yin awarwaro daga farko zuwa ƙarshe ba. Ya gaji motsi ɗaya na yatsu ne kawai, motsin da ba ya da amfani a ko'ina a duniya in ba a unguwarsu ba. Wanda ya shekara 20 yana haɗa baki, in ya bar garin, lebura ne mara sana'a.

Kan wannan kuma sai tsarin asali na Indiya, wanda suke kira jati, ya zo ya danne. A tsarin, sana'a da zuriya abu ɗaya ne, aure ma a ciki ake yi. Akwai Shishgar, masu aikin gilashi, da Manihar, masu yi da tallan awarwaro, waɗanda galibinsu Musulmi ne. Akwai Kachera a ɓangaren Hindu. Yawancin leburorin da suka shigo daga baya kuma daga ƙananan jinsuna suke, har da Dalit, waɗanda a da ake ƙyamar taɓa su. Mai karatu zai iya mamakin jin Musulmi a cikin wannan rabe-rabe, amma haka abin yake a can, har akwai kalmar Pasmanda, wato waɗanda aka bari a baya, da ake kiran Musulmin ƙananan sana'o'i da ita. Tsarin mulkin Indiya na 1950 ya haramta ƙyamar taɓawa a sashe na 17. Bai iya hana mai gida duba sunan dangin mai neman haya ko neman aiki ba.

Idan ka ji dattijo a irin wannan unguwa yana cewa haka Allah ya rubuta musu, ko wannan ce karmarsu, wato sakamakon ayyukansu na rayuwar baya a aƙidar Hindu, ni ban ɗauke shi a matsayin dalilin zamansu ba. Magana ce ta wanda ya gwada ƙofofi ya same su a rufe, ya nemi abin da zai kwantar wa kansa da hankali.

Hukunci biyu a wata ɗaya

A watan Disamban 1996 Kotun Ƙolin Indiya ta yanke hukunci biyu da suka shafi Firozabad, kuma lauya ɗaya ne ya shigar da ƙararrakin, M.C. Mehta. Na farko, ranar 10 ga wata, a kan aikin yara ne. Ƙarar ta taso ne daga masana'antun ashana na Sivakasi, amma kotun ta lissafa har da gilashin Firozabad. Ta ce duk wanda aka kama da yaro a aiki mai haɗari ya biya rupi 20,000 a asusun kula da yaron, gwamnati kuma ta ba wani babba a gidan aiki, in ta kasa ta zuba rupi 5,000. Na biyu, ranar 30 ga wata, a kan Taj Mahal ne, wanda hayaƙin kwal ke mai da farin dutsensa rawaya. Kotun ta umarci masana'antu 292 su koma iskar gas ko su tashi, kuma da yake Firozabad na cikin yankin kariya mai faɗin murabba'in kilomita 10,400 da aka shata kewaye da ginin, tanderunta ma suka shiga ciki.

Hukuncin Taj Mahal ya yi aiki. An ja bututu, kamfanin gas na gwamnati ya soma ba masana'antu, manyan tanderu suka bar kwal, ma'aikatan ciki ma sun sami sauƙin hayaƙi, wannan gaskiya ne. Sai dai gas kaso ake ba masana'antar da ke da rajista, kuma an taƙaita buɗe sababbi a yankin. Tanderun da tun can ya fi ƙarfin talaka ya ƙara yi masa nisa.

Hukuncin yara kuwa ya yi wani irin aiki da ba shi aka nufa ba. Tun kafin sa akwai sashe na 24 na tsarin mulki da ya hana sa ɗan ƙasa da shekara 14 a masana'anta, akwai dokar aikin yara ta 1986, akwai shirin gwamnatin tarayya na 1988 da ya buɗe makarantu na musamman a garuruwa irin su Firozabad. Da matsin ya yi yawa, ga idon 'yan jarida da na masu saye daga waje, sai masu masana'antu suka rage yara a gaban tanderu. Yaran ba su ɓace ba, gida suka koma, inda jami'in duba masana'antu ba ya shiga. An sayar da biri an sayi kare, tsugune ba ta ƙare ba.

Sai kuma gyaran doka na 2016, wanda a ganina shi ne ya rufe ƙofar da baya. A fuska ya yi tsauri, domin ya hana ɗaukar duk wani ɗan ƙasa da 14 aiki kowane iri. Amma ya bar kafa: yaro na iya taimaka wa iyalinsa ko sana'ar iyali bayan tashi daga makaranta da lokacin hutu, muddin aikin ba ya cikin jerin masu haɗari. Kalmar iyali kuma aka faɗaɗa ta har ta haɗa kawu da goggo. Wanda ya rubuta wannan wataƙila yana tunanin yaron da ke tsare wa ubansa shago ne. A Firozabad kuwa gida reshen masana'anta ne da aka ɓoye. In ma doka ta ce aikin gilashi haɗari ne, wa zai ƙwanƙwasa ƙofar mutum ya shiga har ɗaki ya tambayi shekarun 'yarsa? Kuma in an kama, uba ne a gaba, ba mai tanderu ba. Shekara guda bayan haka, a 2017, Indiya ta sa hannu a yarjejeniyoyi biyu na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan aikin yara, mai lamba 138 da mai lamba 182.

Makaranta fa? Dokar 2009 ta wajabta ilimi kyauta daga shekara 6 zuwa 14, ana kuma ba da abincin rana a makarantun gwamnati. Sunayen yara sun shiga rajista, wannan ci gaba ne. Amma yaron da ya zauna gaban fitila kafin ya tafi, ya dawo ya sake zama har dare, ya kuma ɗauke ƙafa gaba ɗaya in oda ta yi yawa, zai kai aji takwas yana da takarda ba ya da karatu. Iyaye na gani, suna kuma ganin masu digiri suna yawo ba aiki, sai su yi lissafinsu.

Ɗaya ƙarshen igiyar: 'yan bola

Na ambaci fasassun gilasai da ake zubawa a tanderu. Suna rage cin wuta, don haka masana'anta ba ta rabuwa da su. A Firozabad mata da yara ne ke tsince ɓaraguzan suna ware su launi-launi, galibi da hannu tsirara. Wani kason kuma daga nesa yake zuwa, ta hannun masu tsince-tsince a bola, irin waɗanda mu ke kira 'yan bola jari ko 'yan gwangwani.

A Delhi akwai unguwanni sukutum da ke rayuwa a kan wannan, kamar Seemapuri a gefen birnin ta arewa maso gabas, inda da yawan mazauna zuriyar waɗanda suka baro Bangladash ne bayan yaƙin 1971, da kewayen jujin Ghazipur da aka buɗe a 1984 wanda tsayinsa ya kai kusan mita 65 a 2019. Tsarin daidai yake da na awarwaro, kamar an kwafa. Da kilo ake biya. Mai sito, wanda ake kira kabadiwala, shi ke da sikeli, shi ke faɗin farashi, shi ke ba da bashi, wani lokaci ma shi ke da bukkar da ake kwana. Uba ya kawo buhu, a zazzage a ƙofar ɗaki, uwa da yara su zauna rarrabewa. Yaro na buɗe ido ya ga roba da kwali da gwangwani, kafin ya iya karatu ya san wace roba ta fi tsada. Su kuma har da ƙarin nauyin ƙyama da zargin sata da rashin takardun zama.

Duk da haka a wannan ɓangaren ne aka ga igiyar ta ɗan sassauta. A birnin Pune na jihar Maharashtra, masu tsince-tsince, galibinsu matan Dalit, sun kafa ƙungiyar ƙwadago a 1993, suka matsa har hukumar birni ta amince da katin shaidarsu. A 2008 ƙungiyar haɗin gwiwarsu mai suna SWaCH ta ƙulla yarjejeniya da hukumar birnin: su ke bin gida-gida karɓar shara, masu gidaje su biya su kai tsaye, abin da suka tsinta kuma nasu ne su sayar. Suka kafa asusun bashi na kansu, suka sa hana yara tsince-tsince cikin ƙa'idojin ƙungiya. Ba su yi arziki ba, amma kuɗin wata-wata da aka san zai shigo ya sa uwa na iya barin 'yarta a aji. A 2016 dokokin shara na ƙasa suka umarci hukumomin birane su san da zaman irin waɗannan ma'aikata su shigar da su cikin tsari.

Me ya sa hakan bai faru a Firozabad ba? Matar Pune na buƙatar amalanke da izini ne kawai, kuma mai biyanta yana tsaye a ƙofar gidansa tana ganinsa. Mai haɗa bakin awarwaro tana tsakiyar sarƙa ne, sama da ita tanderun da ba nata ba, ƙasa da ita kasuwar da ba ta sani ba. In gida goma suka ƙi karɓar aiki, ɗan kwangila ya juya amalankensa zuwa lungu na gaba. An sha yin yajin aiki a garin kan lada da awannin aiki, amma masu ƙarfin yajin su ne na cikin masana'anta, waɗanda in sun tsaya tanderu ke ci gaba da cin gas a banza. Mutanen gida a warwatse suke, kowa da bashinsa.

Girgiza biyu na baya-bayan nan sun nuna kaurin abin da suke tsaye a kai. A Nuwamban 2016 gwamnati ta soke takardun rupi 500 da 1,000 dare ɗaya, sana'ar da kacokan da tsabar kuɗi ake biyanta ta tsaya cak. A Maris 2020 dokar kulle ta korona ta kashe tanderu, makarantu kuma suka daɗe a rufe. Ma'aikacin gida ba ya cikin inshorar lafiya ko asusun fansho na ma'aikatan masana'anta, tunda a takarda ba ma'aikacin kowa ba ne.

A ɓangaren talla kuwa gwamnati ba ta yi kasala ba. Gilashin Firozabad ya sami rajistar alamar asali, wato shedar hukuma cewa hajar garin ce, a 2014, a 2018 jihar ta zaɓe shi a matsayin hajar da gundumar za ta yi tinƙaho da ita a shirinta na kowace gunduma da hajarta. A watan Agustan 2021 aka buɗe shafin e-Shram don yi wa ma'aikatan da ba su da rajista rajista. Mai haɗa baki na iya zuwa shagon intanet ta ba da lambar katin ɗan ƙasa, a buga mata kati mai lambobi 12 da sunanta da sana'arta. Katin bai ɗauki sunan ɗan kwangilar da ke kawo mata zobba ba, bai ɗauki na mai tanderun da suka fito ba, bai kuma ce komai a kan kuɗin tora ba.